Wayar da Ke Amsa wa Inna Zinariya

Duk macen da ta rasu a Ƙofar Ran cikin shekarun nan, ba sai an tambayi wadda ta yi mata wanka ba. Inna Zinariya ce. Tsohuwa ce gajeruwa mai faɗan tsiya, irin wadda yara ke sauya lungu in sun hango ta, amma tunda take ba a taɓa jin ta fito daga ɗakin gawa ta ce ga abin da idonta ya gani ba. Shi ya sa mata ke barin wasiyya da sunanta tun suna da ƙafarsu.

A cikin masu wasiyyar nan akwai wadda tata ta fi ta kowa nauyi, wato Juwairiyya mai masa, ƙawar Zinariya tun suna 'yan mata. Shekarun baya ciwon daji ya kama Juwairiyya, 'yarta Ni'ima ta kai ta asibiti a Jos, likitoci suka cire mata nono ɗaya. Da ta dawo aka ce wa unguwa gyambon ciki ne aka yi wa aiki. Ta koma bakin tandarta, ta yafa mayafinta, tana suya tana zagin masu neman gyara, ba wanda ya san komai sai Ni'ima da Zinariya. Mace ce mai kunya, ga kuma ɗan girman kai, ta gwammace komai da a ce jikinta ya zama abin hira a gidan biki. Wata rana ta riƙe hannun Zinariya ta sa ta yi mata alkawari cewa ran da ta cika, ba macen da za ta kwance mata zane sai ita. Zinariya ta ce ta ɗauka, in dai ba ita ta riga tafiya ba.

To, sai ga hawan jini. Zinariya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, likita ya ce hutu take bukata, ɗanta Abdulmuhaimin kuwa kamar jira yake. Ya zo da mota ya kwashe ta da kayanta zuwa sabon gidansa a Gwallameji, can inda gidaje ke tsirowa kamar naman kaza, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, maƙwabci ya mutu ma sai ka gani a waya. Ba ta so ba ko kaɗan. Amma Abdulmuhaimin ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon ƙwayar idonsa, balle ta tsaya musu da shi. In tana da magana sai ta faɗa wa matarsa, ko ta faɗa wa bango, shi kuma ya tsinta. Shi ko ya san da haka, kuma wallahi ya ci moriyar kunyar nan son ransa.

Abin da ya tsone masa ido shi ne 'yar ƙaramar wayarta. Kullum cikin kuka take, yau an yi rashi a gidan wane, gobe wance na jin jiki, tsohuwa kuma ta ɗauki mayafi ta ce a nemo mata keke mai ƙafa uku. Ran nan sai ya dawo daga ofis da kwali a hammata, ya baje shi a tsakar falo, ya ɗora tabarau a hanci yana karanta takardar da ta zo da shi. Wayar gida ce marar igiya. Akwai mazauninta da ake jona wa wuta, akwai kan da ake ɗauka a zaga gida da shi, a jikin mazaunin kuma akwai na'urar da ke amsa kira ta ajiye saƙo. Ya karɓi 'yar wayar Zinariya ta hannun matarsa, ya ɓalle bayanta, ya zaro layin da farce ya cusa a cikin mazaunin. Ya jona, abu ya yi ƙara ya kawo haske. Ya saita rana da lokaci, ya ɗauki kan ya fita har bakin ƙofar gida yana "halo, halo" don a ga nisan da take kaiwa. Sannan ya yi wa matarsa bayani da ƙarfi yadda uwarsa za ta ji, wai lambar ba ta canja ba, kan wayar da rana a riƙe shi, da yamma a mai da shi mazauninsa ya sha caji.

Saura ɗaukar murya. Ya ce ai gara masu kira su ji muryar Inna da kanta, su san ba su yi ɓatan lamba ba. Abin da za ta ce kawai shi ne ba ta kusa, a bar saƙo.

Zinariya ta dubi surukarta ta ce, "Ki gaya masa ban yi ƙarya da baƙin gashi ba, ba zan fara da furfura ba. Ina zaune cikin gida zan ce ba na kusa?"

Aka yi ta lallashi, daga ƙarshe aka bar ta ta faɗi abin da ta ga dama. Ya danna wani madanni, ya miƙo mata abin kusa da baki, ita kuma ta gyara zama kamar mai ba da shaida a gaban alƙali.

"Salamu alaikum. Zinariya ce. Ku faɗi abin da ke tafe da ku, zan ji."

Ya sake dannawa muryarta ta fito daga cikin akwatin, ta tsofe ta shaƙe, ita kanta ba ta so jin ta ba. Ta tashi ta tafi alwala, ta bar shi durƙushe yana ta 'yan danne-dannensa.

Tun daga ranar Zinariya ta riƙi wayar nan da gaskiya. Da safe ta ɗauke ta ta ƙulle a gefen zane, ta shiga ɗaki da ita, ta fito tsakar gida da ita, ko banɗaki za ta sai ta ajiye ta a bakin ƙofa. Da magariba ta mai da ita mazauninta kamar mai shigar da kaza akurki. Waya dai shiru. Mako ya zo ya wuce, wani ya bi bayansa, ko tari wayar nan ba ta yi ba. Wani lokaci Abdulmuhaimin kan ce wa matarsa wance ta bugo tana gaida Inna, shi ke nan. Zinariya ta fara tambayar bango ko mutuwa ta tafi hutu ne a Ƙofar Ran, ko kuwa mutane ne suka ga ta koma unguwar masu katanga suka shafe ta. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ta rame fiye da lokacin da take yawon keke.

Ita ba ta iya kira da kanta ba, don ba ta karanta boko, can a gida ma duk wanda ke kusa take miƙa wa. Sau ɗaya surukarta ta kira mata Juwairiyya. Mai masa ta yi ta tsokanarta, wai ta zama Hajiyar Gwallameji, har ta ɗauki 'yar aiki mai irin muryarta tana amsa mata sallama. Ta ce ta bugo ba sau ɗaya ba, kullum 'yar aikin ce ke ɗauka. Zinariya ta ce wataƙila tana salla ne lokacin, haka yaron ya ce. Juwairiyya ta yi dariya har da tari, ta ce ba komai, ai tunda ta ce za ta ji, ta san za ta ji.

Sai aiki ya kai Abdulmuhaimin Abuja taro. Matarsa malamar makaranta ce, tun da sassafe take fita da yara, ba ta dawowa sai bayan la'asar a gajiye, kuma ita ba ta taɓa akwatin maigida. A kwanakin nan ne Zinariya ta lura da wata 'yar jar fitila a jikin mazaunin tana ƙiftawa ba tsayawa. Ta ɗauka alamar caji ce. Har goge mata ƙura ta yi da gefen mayafi.

Akwai maƙwabciyarsu Roda, ma'aikaciyar jinya 'yar Tafawa Ɓalewa, wadda kan leƙo ta auna mata jini in ba ta da aikin safe. Ranar ta shigo da hantsi, ta ɗaura mata abin awo a dantse, sai idonta ya kai kan fitilar. Ta ce, "Mama, saƙonni ne fa suka taru miki, ba wanda ya saurara?" Zinariya ta ce wane irin saƙo, waya da ba ta yi kuka ba? Roda ta karɓi kan wayar ta dudduba, ta ɗaga kai ta dube ta, ta sake dubawa. Ta ce ai an kashe ƙarar gaba ɗaya, kuma an saita na'urar ta riƙa ɗauka da zarar kira ya shigo. Ko duk Bauchi za ta bugo, wayar nan ba za ta yi kuka ba. Sannan ta danna madannin saurare.

Muryar farko ta Juwairiyya ce, amma ba wadda ke zagin masu neman gyara ba. Numfashi ya fi maganar yawa.

"Zinariya, ni ce. Jikin nan ya motsa, ba irin na da ba. Ki leƙo ni. Kada ki manta da maganarmu."

Na'urar ta yi ƙara, sai muryar Ni'ima, tana cewa Inna ba ta cin komai, sunan Goggo Zinariya kawai take kira. Ta sake yin ƙara, Ni'ima ce dai, wannan karon kuka ya hana a gane farkon maganar, sai salati da aka ji, da cewa Allah ya yi wa Inna rasuwa bayan sallar asuba, ba su taɓa ta ba, suna jira. Na gaba, Ni'ima na roƙo, wai an gama haƙa kabari, maza sun cika ƙofar gida, liman ya aiko sau biyu, don girman Allah Goggo ta zo. Na ƙarshe ba magana a ciki, sai hayaniyar mata a nesa, aka kashe.

Bayansu kuma na'urar ba ta tsaya ba, ta shiga zubo tsofaffin saƙonni waɗanda aka riga aka saurara aka bari. Ga rasuwar wata tsohuwa a bayan masallaci, ga ta wata mai jego da ta bar jariri, duk an kira Zinariya, duk muryarta ta ce musu za ta ji. Wato yaron nan kullum sai ya dawo daga ofis ya zauna ya saurari mutuwar mutanenta, ya tace, ya miƙo mata gaisuwa kawai.

Kai, ran tsohuwar nan ya ɓaci iyakar ɓaci. Ta fizge abin awon daga hannunta, ta rasa ma inda mayafinta yake alhali yana kafaɗarta. Roda ta ce jininta ya hau sosai, ta ɗan zauna tukuna, Zinariya ta ce ya hau ya kai sama in ya ga dama. Da Roda ta ga ba dama sai ta kira Abdulmuhaimin a wayarta, ta gaya masa abin da ake ciki, ta kara wa tsohuwar a kunne. Ya fara da salati, ya ce Allah ya jiƙan Inna Juwairiyya, wallahi bai san abin zai zo da haka ba, likita ne ya ce a rage mata tashin hankali, don lafiyarta ya yi.

Tunda ta haife shi ba ta taɓa jefa masa magana kai tsaye ba. Ranar kunya ta kau.

"Lafiyata? Kai ne ka ba ni ran da za ka tsare min shi? Ka sa ni na yi wa mutane alkawari da bakina, sannan ka toshe min kunne. Ka mai da ni maƙaryaciya a gaban mai mutuwa, ka ce lafiyata."

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki saurare ni."

"Ka faɗa wa akwatinka."

Ta ture wayar. Roda ta kulle gida ta tsayar musu da keke, don ta ce ba za ta bar ta ta tafi ita kaɗai a haka ba. Hanyar Dass ranar kamar an ƙara mata tsawo. Mai keke sai tsayawa yake yana neman cikon fasinja, Zinariya ta yi masa tas har ya daina. Wajen Wunti kuma cunkoso ya riƙe su, tana zaune tana ta lissafi a zuci, wai ko an ɗan jinkirta, ko Ni'ima ta tare ƙofar ɗakin, ko liman ya ce a bari sai bayan azahar. Ta san ba a ajiye gawa don jiran mutum, ita da kanta ta sha faɗa wa masu jiran ɗan da ke Kano haka. Amma ta yi ta roƙon Allah ya sa yau an karya wannan ƙa'ida.

A bakin lungu suka haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk jar ƙasa, wasu samari biyu na ɗauke da makara ba kowa a ciki. Tandar Juwairiyya na jingine a zaure an kife ta. Zinariya ta wuce su ba ta ce wa kowa sannu ba.

Tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi har bakin madafa. Da ta yi sallama sai aka amsa ciki-ciki, wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka bi ta da kallon da ta gane ma'anarsa sarai. A wurinsu ai ta ji, ƙin zuwa ta yi. Ni'ima ta taso idanu a kumbure ta durƙusa a gabanta. Ta ce ba ta aika kowa Gwallameji ba don ba su san gidan ba, kuma Inna da bakinta ta hana, ta ce Zinariya ba ta taɓa cewa za ta ji ta ƙi ji ba. Ta ce ta tare ƙofa har kawunnanta suka yi mata tsawa, ita kuma ba ta san yadda ake yi ba, ba ta kuma iya kallon gawar uwarta ba. Daga ƙarshe matar Ladan ce ta shiga, da wata ƙanwarta mai zuba ruwa.

Matar Ladan! Duk Ƙofar Ran a rasa wadda za a ba amanar gawa sai matar da ko miyar maƙwabta ta ɗanɗana sai an ji a bakin rijiya. Zinariya ta waiga ta hango ta a gindin bango, mata huɗu sun kewaye ta sun haɗa kai. Ba ta jin abin da take faɗa, amma ba sai ta ji ba. Ta ga hannun matar ya tashi ya shafi ƙirjinta na hagu, ya yi alamar yanka, ta ga wadda ke kusa ta kama haɓa kamar mai cewa ashe, ashe, shekara da shekaru.

Zinariya ta ratsa tabarmi tana taka ƙafafun mutane har ta tsaya a kanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke, wadda ta wanke gawa ba ta da ido, ba ta da baki. Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba kin fara tallanta. Allah ya isa tsakaninki da ita."

Matar Ladan ta murguɗa baki ta ce ita taimako ta yi, da mai amanar ta zo ai da ba a neme ta ba. Wannan magana ta soki Zinariya fiye da zagi. Za ta tsaya gaban matan unguwa ta ce ɗanta ne ya kashe mata ƙarar waya? Ta tona nata cikin don ta wanke kanta, alhali na Juwairiyya ya riga ya tonu? Ta haɗiye, ta juya, ta ɗaga labulen ɗakin ƙawarta ta shiga.

Ƙasan ɗakin bai bushe ba, ƙamshin magarya da kafur na nan. An bar bokiti a tsakiya, an jefar da zanen marigayiya a kan gado ko ninkewa ba a yi ba. A kan zanen, a fili inda duk wadda ta leƙo za ta gani, ga ɗan ƙunshin auduga da aka ɗinke cikin farin ƙyalle, wanda Juwairiyya ke cusawa a rigarta ta ɓangaren hagu kullum kafin ta fita bakin tanda. Zinariya ce ta ɗinka mata shi da hannunta, ya sha wanki har ya koɗe.

Ta ji motsin labule a bayanta, wasu mata biyu sun matso suna leƙe. Ta yi wuf ta ɗauke ƙunshin ta tura cikin rigarta, ta ninke zanen ta zauna a kansa, ta juya musu baya.

"Ku sakar mata labule," in ji ta.

Suka saki. A nan ne kukan ya zo mata, ta toshe baki da mayafi tana neman gafarar matar da aka riga aka rufe.